Kafin katafila ta iso tashar jirgin Gusau

A watan Oktoba na 1963 ma'aikata suka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a birnin New York na Amurka, ba su gama ba sai 1966. Ginin bai wuce shekara 53 ba a lokacin, domin a 1910 aka buɗe shi, da manyan ginshiƙan dutse da zauren jira wanda aka kwaikwayo daga gine-ginen tsohuwar daular Rum. Kamfanin da ya mallake ta ya ga mota da jirgin sama sun janye masa fasinja, kula da ginin ya zame masa nauyi, sai ya sayar da sararin da ke saman layin. Aka tura tashar ƙarƙashin ƙasa, aka ɗora zauren wasanni na Madison Square Garden a kanta, aka kwashe ɓaraguzan aka zubar a fadamar New Jersey. Masu zanen gini sun yi zanga-zanga a 1962, ba wanda ya saurare su, saboda babu dokar da ta hana mai abu rushe abinsa. Sai a 1965 birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi. Ga waccan tasha ihu bayan hari ne, amma dokar ce ta tsare 'yar'uwarta Grand Central, har Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1978. Kamfanin kuwa rushewar ba ta cece shi ba. Bayan ya haɗe da wani, ya durƙushe a 1970.

Na kawo wannan labari ne saboda tashoshinmu na Gusau da Ƙaura Namoda. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe ya shigo Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya tuƙe a Ƙaura a 1929. Gusau tana nan tun zamanin Malam Sambo Ɗan Ashafa, amma jirgi ne ya mayar da ita kasuwar da ta shiga gaban garuruwan da suka girme ta. Gyaɗa da auduga suka riƙa kwararowa kan jakuna da raƙuma, kamfanonin Turawa suka kafa sikeli, Yarbawa da Ibo suka sauka a Sabon Gari, daga baya masaƙa da injin matse mai suka biyo. Kakana ɗan dako ne a tashar. Har ya rasu, in zai faɗi lokacin wani abu, cewa yake "bayan jirgin Ƙaura ya wuce". Da a ce jirgi bai ratso nan ba, ina shakkar Gusau ce za ta zama babban birni da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996.

Yau an daɗe rabon da a ji jiniyar jirgin fasinja a kai a kai a wannan layi. Kuma a ƙasar nan ba sai an kawo katafila gini ke mutuwa ba. Damina ta yaye kwano, ba mai mayarwa. 'Yan gwangwan su kwance ƙofa da taga, su bi ƙarfen dogo da dare, abin da ake ta kama mutane a kansa a sassan Najeriya. Sai wani ya kafa rumfa a gefen fili, wani ya zuba bulo. Ran da ginin ya zama kufai, sai a ce maɓoyar ɓata-gari ce, a share a yanka filotai ko a jera shaguna, kuma mutanen unguwa su yi murna, don a lokacin ba sauran abin da za a kare.

Na san abin da za a ce mini. Jihar da ake kwashe mutane a gona da kan hanya, wa ke ta tsohon gini? Kuma ai Bature ya gina shi don ya kwashe arzikinmu zuwa Legas. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai Bature ya zana, kakanninmu suka haƙa, suka ɗauki ƙasa a kai, da yawansu a aikin tilas. Gumin namu ne. Batun kuɗi kuma, abin da nake nema bai kai kuɗin kwalta ta kilomita guda ba: takarda ce da kwano da mai gadi.

Takardar ita ce a sa tashoshin biyu cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Ginin mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, rajistar kuma aikin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, amma babu wanda zai taso daga Abuja ya yi mana in gwamnatin jiha da masarautun Gusau da Ƙaura ba su nema ba. Takarda kaɗai kuma ba ta isa. Tsohon ginin Ilojo Bar na Legas ya shiga jerin tun 1956, duk da haka aka wayi gari a 2016 an baje shi. Abin da ke tsare gini shi ne mutane a cikinsa. A unguwar Ebute Metta ta Legas wata ƙungiyar sa-kai ta gyara gidan Jaekel da ke harabar reluwe, ya zama ɗan gidan tarihi da yara 'yan makaranta ke ziyarta. Ba sai mun je nesa ba ma: tsohuwar fadar Argungu ita ce Gidan Tarihin Kanta a yau. Da sabon gini gara yaɓe.

Ana shimfiɗa sabon layi mai faɗi daga Kano zuwa Maraɗi, kuma duk ranar da irinsa ya nufo Zamfara, sabuwar tasha za a gina, tsohuwar ta zama fili mai tsada a tsakiyar gari. Kafin ranar, ɗaliban sashen gine-gine na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda su auna ginin su zana shi, na sashen tarihi a jami'ar tarayya ta Gusau su ɗauki muryoyin tsofaffin ma'aikatan reluwe. Waɗanda suka yi aiki da jirgin kwal sun kusa ƙarewa, kuma su kaɗai suka san inda sikelin gyaɗa yake.