Ba Kuɗin Lasisi Ba Ne Ke Cin Aljihun Mai Farautar Karibu

Mutane da yawa na ɗauka cewa in ka biya lasisi da tambarin farautar karibu, barewar nan mai rassan ƙaho ta jihar Alaska a Amurka, to ka gama da babban kashe kuɗi. Ba haka ba ne. Ba'amurken da ba mazaunin jihar ba yana biyan dala 160 na lasisi da 650 na tambari, wato alamar da ake maƙala wa dabbar da aka harba, amma wannan somin-taɓi ne.

Jirgi ne ke lashe kuɗin. Yawancin wuraren da garken ke bi a tsaunukan Brooks babu titi, sai ƙaramin jirgi daga Kotzebue ko Bettles ya sauke ka a kan tsakuwar bakin kogi, kuma kujerarsa na kai dubban daloli. Matuƙin zai auna jakarka kafin ka hau. Ranar da ka sauka ma doka ta hana ka harbi sai bayan ƙarfe 3 na asubahin washegari.

Sannan ga nama. Dokar Alaska ta wajabta kwashe duk naman da ake ci, kuma ba a fitar da ƙaho kafin naman. Wannan nauyi shi ma jirgi zai ɗauka, da kuɗinsa. Ni abin da ya fi damuna shi ne hazo: yana iya hana jirgin dawowa kwana biyu ko uku, kana cikin tanti, abinci na ƙarewa. Dole a ware guzurin waɗannan kwanaki da kuɗin sauya tikitin komawa gida tun daga farko.