Lalgudi Jayaraman, mai gogen da ya fara da sauraro

A wurinmu, da an ce kiɗan Indiya sai hankali ya tafi kan waƙoƙin fina-finai. Amma a kudancin ƙasar, musamman birnin Chennai, akwai tsohon kiɗan gargajiya da ake kira Karnatik. A ganina ba a yi mai goge a cikinsa kamar Lalgudi Jayaraman ba, wanda aka haifa a 1930, ya rasu a 2013.

Gogensa na Turawa ne, mai tsirkiya huɗu, amma riƙon na gida ne. A ƙasa yake zama ya tanƙwashe ƙafa, ya jingina gindin gogen a ƙirji, ya ɗora kansa a idon sawu. Da haka hannun hagu ke samun sakewa, yatsa yana zamewa a kan tsirkiya yana lanƙwasa sauti kamar maƙogwaron mawaƙi.

Masu yabonsa sun fi son ambaton gogen Italiya da shahararren mai gogen Turawa Yehudi Menuhin ya ba shi kyauta bayan ya ji kiɗansa a birnin Edinburgh na Scotland a 1965, ko lambar girma ta Padma Bhushan da gwamnatin Indiya ta ba shi a 2001. Ni ba nan nake ganin asirinsa ba. Mahaifinsa, Gopala Iyer, ne ya koya masa, kuma tun yana ɗan shekara 12 ya fara zama gefen manyan mawaƙa yana yi musu rakiya. Wannan aiki ya fi na ɗan amshi wuya. Mawaƙi irin su Semmangudi Srinivasa Iyer zai ƙirƙiro sabon salo nan take, a gaban jama'a, kuma dole mai goge ya kama shi ya mayar masa ba tare da ya yi ƙoƙarin danne shi ba. Shekaru ya yi yana wannan sauraron.

Wani zai ce ai baiwa ce kawai. Baiwar tana nan, ban musa ba. Amma baiwa ba ta koya wa mutum inda mawaƙi ke jan numfashi, ko kalmar da ya kamata a sassauta a kanta. Shi ya sa da ya koma kiɗa shi kaɗai, masu sauraro ke jin kamar baitocin ne ke fita daga gogen.

Salon nasa, da ake kira Lalgudi bani, yana hannun 'ya'yansa biyu, Krishnan da Vijayalakshmi, waɗanda har yau sukan zauna gefe da gefe su kaɗa tare.