Babur Ɗin Da Ya Daina Kwanar Dama

Boxer ɗina ya tsiro da wani hali cikin damina. In na matse kulochi a danja, maimakon ya tsaya sai ya riƙa rarrafe gaba a hankali, ni kuma ina turjewa da ƙafa biyu. Giya ɗaya ba ta shiga sai da "ƙwas!", firi kuwa, wato inda babur ba ya cikin giya, sai na kashe injin nake samunta.

Maƙwabcina, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba amma ya san ciwon kowane inji a unguwa, ya tsuguna ya leƙa. "Malam, waya ce ta saki. Ɗaure ta kawai, kar ka kai wa makaniki kuɗinka."

Nan kam ya yi gaskiya. Wayar kulochi wurin saiti biyu gare ta: ƙarami a gindin liba, wato hannun kulochin da ake matsewa, babba a ƙasa kusa da inji, inda noti biyu ke riƙe da ita kafin ta kama ɗan ƙarfen da ke raba farantan kulochi. In ta saki, ko ka matse liba har ƙarshe farantan ba sa gama rabuwa. Abin da bai faɗa min ba shi ne iya inda ake tsayawa. Na ɗauki sifana na ɗaure ta tam, har liba ta daina motsi ko kaɗan.

Rarrafe ya ƙare, tafiya ma ta ƙare. In na murɗa totur injin ya yi ta kururuwa, babur yana tafiyar hawainiya, ga wani ƙauri yana tasowa daga ƙasa. A ɗan hawan bayan layinmu mai kurar ruwa ya wuce ni, har da yi min sannu.

Da na janye robar gindin liba sai na ga silin wayar sun tsintsinke, kaɗan ne suka rage. Na je Fagge na sayo sabuwa. Ran Asabar na shimfiɗa buhu a ƙofar gida, na zare tsohuwar na jefar ba tare da na kalli ta inda ta biyo ba, na zura sabuwar ta hanyar da na ga ta fi kusa. Uwargida ta leƙo daga zaure ta ce, "Maigida, in ajiye maka kuɗin adaidaita ne?" Ban kula ta ba.

A miƙaƙƙen titi lafiya lau. Ina karya kan babur dama zan shiga lungu, sai wayar ta ja kanta, kulochi ya buɗe, injin ya yi ihu, babur ya tsaya cak a gaban mai ƙosai. Na miƙe kai, ya zabura. Kwanar hagu kuwa sumul. Don haka duk inda dama ta kama, sai in wuce in yi hagu, hagu, hagu, in ɓullo. Garejin da ke bayanmu sai da na ratsa unguwar da ban taɓa shiga ba kafin na isa, wani tsoho a kan dakali yana ta amsa sallamata.

Ogan garejin bai ko tashi daga benci ba. Wani yaronsa da bai fi shekara 12 ba ya juya kan babur hagu da dama yana kallon liba tana rawa ita kaɗai, ya kira sauran su zo su gani. Ya cire tanki, ya maido da wayar ta cikin maƙalinta a wuyan babur, ya ɗiga mata bakin mai. Sannan ya sassauta noti na ƙasa har liba ta samu ɗan wasa, wajen milimita 2 zuwa 3 a gindinta kafin ta fara ja, ya ƙarasa da saitin sama. Ya sake juya kai ƙarshe zuwa ƙarshe, wasan bai canja ba.

Sai a lokacin Oga ya sunkuya ya shinshina injin. "Alhaji, wa ya ɗaure maka ita da farko? Ya cinye maka faranti." Na ce wani ne a unguwa.

Na biya kuɗin faranti da bakin mai da na aiki. Ina buga kik yaron ya rugo bakin titi ya tsayar min da motoci, ya ce, "Baba, dama za ka yi, ko ka riga ka saba?"