Sharhi kan rahoton dillalan auren ƙasar waje

Rahoton nan naku kan dillalan da ke yi wa mata alkawarin miji a Saudiyya da Dubai ya sosa mana inda ke ƙaiƙayi a Maradi, sai dai kun tsaya kan kuɗi kawai. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne: na fasfo daban, na biza daban, ga na "gaisuwar dangin ango", alhali angon hoto ne kawai a WhatsApp.

Wata bazawara a unguwarmu ta sayar da keken ɗinkinta da awaki biyu, ta kwashe adashinta, har lalle an yi mata. Ranar tafiya lamba ta daina shiga. Yau ko gidan suna ba ta zuwa, don gudun "ina angon Makka?" Dillaliyar kuwa hajiya ce da ake ganin girmanta, shi ya sa iyaye suka ce a bar wa Allah.

Ni dai ban yarda ba. Tun 2010 Nijar ke da dokar hana safarar mutane, zamba kuma laifi ce. Don Allah ku koma wurin 'yan sanda ku tambayo mana dillalai nawa aka gurfanar gaban alƙali.