MBA, digirin harkar kuɗi ko CFA: wanne ya dace da wanda ya yi shekara goma a aiki?

Mu da ke zaune a Birtaniya muna yawan samun tambaya guda daga 'yan'uwa ma'aikatan banki, akantoci da masu binciken kuɗi a gida: wace jami'a zan nema? A ganina ba nan ya kamata a fara ba. Wanda ya yi shekara takwas ko goma a harkar kuɗi, yana da iyali, yana da muƙami, ya fara tambayar kansa wace kujera yake so ya zauna a kai shekara biyu bayan kammalawa, a wace ƙasa, kuma da wane kuɗi za a biya shi albashi. Amsar wannan ce ke zaɓen digirin.

Mu fara da MBA, wato digiri na biyu kan tafiyar da kasuwanci, tunda shi ya fi suna. An gina shi ne domin mai son sauya hanya: akantan da ke son komawa aikin ba kamfanoni shawara, ko ma'aikacin banki da ke son shugabantar kamfani gaba ɗaya. Ana koyar da talla, tafiyar da ma'aikata, dabarun kasuwanci, da lissafin kuɗi na matakin farko. Wanda ya riga ya ci jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ACCA zai tarar kaso mai yawa na zangon farko maimaici ne. Abin da yake saye da kuɗinsa shi ne abokan aji, tsofaffin ɗaliban makarantar, da kamfanonin da ke zuwa har cikin makaranta su ɗauki ma'aikata. Waɗannan kuwa sai a manyan makarantu ake samunsu. A Amurka shekara biyu ake yi, a wurare irin su Wharton da Chicago Booth, kuma hutun da ke tsakanin shekarun nan biyu shi ne ƙashin bayan shirin, domin a nan ɗalibi ke yin aikin gwaji na kimanin mako goma wanda sau da yawa ke rikiɗewa ya zama aikin dindindin. A Turai gajere ne: INSEAD ta Faransa wata goma, Oxford da Cambridge shekara guda, London Business School wata 15 zuwa 21. Gajeren ya fi sauƙi a aljihu, amma mai son sauya fanni da ƙasa a lokaci guda yakan sha wuya in babu wannan aikin gwajin.

Inda na fi ganin mutanenmu na asara shi ne digirin MSc na harkar kuɗi. Suna ɗaya ne amma kaya iri biyu ne. Mafi yawansu an tsara su ne domin yaran da suka gama digirin farko, 'yan shekara 22 ko 23. Ofishin samar da aiki na makarantar zai riƙa tura su guraben sababbin shiga, kuma manyan bankunan Landan kan buɗe waɗannan guraben tun watan Agusta ko Satumba, su cike yawancinsu kafin ƙarshen shekara, wato kafin baƙo ya gama gane hanyar tashar jirgin ƙasa. Manajan reshe mai shekara 36 ya yi wa gurbin girma, sannan ba shi da gogewar kasuwar ƙasar da za ta sa a ba shi babban muƙami. Sai ya tsaya a tsakiya, bizarsa na ƙarewa.

Iri na biyu shi ne wanda ba a shiga sai da gogewar aiki. London Business School na da Masters in Finance, wata 10 ko 16 ga wanda ya ajiye aiki, wata 22 ga mai yi yana aiki. Cambridge ma na da nata na shekara guda. Ga wanda ke son ya ci gaba da zama a harkar kuɗi amma ya zurfafa, a kimanta darajar kamfanoni, sarrafa dukiyar masu zuba jari ko kula da haɗarin bashi, wannan ne na fi ba wa ƙarfi, domin ajin sa'o'insa ne kuma kuɗinsa bai kai na MBA ɗin makarantar ba. Wanda ya haura shekara goma yana shugabanci kuma ya duba shirye-shiryen Sloan, na gogaggun shugabanni, na shekara guda a MIT da Stanford da London Business School.

Sai CFA, wato shaidar ƙwarewa a nazarin zuba jari, wanda ba digiri ba ne, amma masu ɗaukar aiki a fannin zuba jari sun fi girmama shi kan digirin makarantar da ba su sani ba. Mataki uku ne, kowanne na buƙatar karatun kimanin awa 300, sannan sai an nuna awa 4,000 na aikin da ya shafi fannin cikin aƙalla wata 36. Ana zana jarrabawar a Legas da Abuja, mutum na kan aikinsa, kuma duka kuɗin 'yan dubban daloli ne. Rauninsa biyu: ba ya ba da biza, ba ya haɗa ka da mutane. Ga mai aikin binciken kuɗi ko haraji ma amfaninsa kaɗan ne.

Yanzu lissafi, wanda ya kamata akanta ya fi kowa iyawa amma ɗoki kan sa a tsallake shi. Kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai. A haɗa da albashin da za a rasa na tsawon karatun da na watannin neman aiki bayansa, da kuɗin gidan da aka bari a Kano ko Kaduna, da haya a nan. Birtaniya na neman ɗalibi ya nuna kuɗin zama na wata tara, kimanin fam 1,500 a wata in a Landan ne, kuma kuɗin ya kwana 28 a jere a asusu, ga harajin lafiya fam 776 a shekara. MBA na London Business School ya haura fam 100,000. Ko digirin fam 60,000, in fam na kusan Naira 2,000, Naira miliyan 120 ke nan kafin a ci abinci. Wanda ya ci bashi da dala a farkon 2023, lokacin dala na wajen Naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a 2024 tana kusan 1,500. Saboda haka duk wanda zai dawo gida ya karɓi albashi da Naira kada ya ɗauki bashin karatu da dala ko fam. Ga kuma batun kuɗin ruwa: rancen da kamfanoni irin su Prodigy Finance ke ba ɗaliban ƙetare da ruwa ne, kuma wanda addininsa ya hana shi ya san haka tun kafin ya biya kuɗin neman gurbi.

Dokokin biza ma sun sauya lissafin. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na koyarwa a Birtaniya ba ya zuwa da mata da 'ya'ya, sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa ko digirin bincike yake yi. Bizar aiki ta bayan karatu shekara biyu ce, kuma an sanar za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Bayanta sai kamfani ya tsaya maka, da albashin da a ƙa'ida bai gaza fam 41,700 ba. A Amurka wata 12 ake bayarwa, ya kai 36 in an sa digirin a rukunin kimiyya da lissafi, daga nan sai ƙuri'ar bizar aiki ta H-1B. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, Chevening, na neman shekara biyu na aiki, yana da iyakar abin da yake biya wa MBA, kuma da sharaɗin komawa gida na shekara biyu, don haka bai dace da mai niyyar zama ba.

Shi ya sa nake ganin ba a yi wa karatun gida adalci ba. Wanda burinsa ya zama babban jami'in kuɗi na kamfani a Najeriya, abokan ajin da za su amfane shi a Najeriya suke. MBA na manyan ma'aikata a Lagos Business School, ko na Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, ko na ABU Zariya, ana yi ba a ajiye aiki ba, a biya da Naira. In aka haɗa shi da CFA, an sami abin da ya fi ƙaramin digirin ƙetare nesa ba kusa ba. Mai sha'awar bankin Musulunci kuma kasuwarsa na girma a gida tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na farko na Naira biliyan 100 a 2017. Bayero na da cibiya ta musamman kan fannin, a waje kuma akwai INCEIF a Kuala Lumpur da babban bankin Malesiya ya kafa, da Jami'ar Durham a Ingila.

Wanda ya yanke shawarar fita, kada ya yi cinikin biri a sama. Dillalan neman gurbi da yawa makarantu ne ke biyansu la'ada, don haka inda za su samu suke turawa. A duba ko makarantar na da shaidar inganci daga AACSB ko EQUIS ko AMBA, masu tantance makarantun kasuwanci. A sauke rahoton aikin ɗalibanta na bara: kashi nawa suka sami aiki cikin wata uku, a waɗanne kamfanoni, kuma matsakaicin shekarun gogewar ajin nawa ne. Makarantar da ba ta wallafa wannan a bar ta. A nemi tsofaffin ɗalibai biyar daga Afirka ta LinkedIn, waɗanda ba makarantar ce ta zaɓo su ba, a tambaye su inda suke aiki yau. GMAT kuma, jarrabawar shiga makarantun kasuwanci, sabon tsarinta awa biyu da kwata ne, maki daga 205 zuwa 805, sakamakon na aiki shekara biyar. Mai aikin banki da ke tashi ofis da dare ya ware mata wata huɗu zuwa shida, ya kuma nemi gurbi a zagayen farko na watan Satumba ko Oktoba, lokacin da kuɗin tallafin makarantun bai ƙare ba.