Tsakaninmu da mai taɓin hankali, wa ya fi cutar da wani?

Ranar Larabar da ta wuce, da la'asar sakaliya, ina tsaye kusa da Ƙofar Doka a Zariya ina jiran abin hawa, sai na ga wani abu da na sha gani tun ina yaro, amma a wannan karon ya tsaya mini a rai. Wani bawan Allah mai taɓin hankali, wanda duk masu sana'ar wurin sun san shi, yana zaune a gindin katanga yana cin ragowar abinci a leda, sai ga yara sun taso daga Islamiyya suka yi masa caa, suna ihu suna jifa. Manya suna kallo, babu wanda ya ce uffan. Da dutse ya fasa masa goshi ya zabura ya bi yaran, a lokacin ne kowa ya sami bakin magana, ana ta cewa a kama shi kada ya kashe 'ya'yan mutane. Kafin a ce haka an kayar da shi an ɗaure masa hannu da igiyar ɗaurin kaya. Da na ce wa wani dattijo ai yaran ne suka fara, sai ya ce da ni, "Malam, kai ma ka san mahaukaci ba shi da tabbas." Jinin da ya zuba a wurin kuwa na mutum ɗaya ne, shi wanda aka ɗaure.

Ba na musun cewa akwai masu wannan larura da suke yi wa mutane illa, domin duk wanda ya ce babu ya yi son zuciya. Amma likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bayanin inda haɗarin yake: yawanci sai ciwon ya yi tsanani ba a yi magani ba, ko an fara maganin an yanke, ko kuma shaye-shaye ya shiga ciki. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya bi sawun marasa lafiyar da aka sallama daga asibitocin ƙwaƙwalwa, ya tarar cewa waɗanda ba sa ta'ammali da giya ko ƙwaya ba su fi maƙwabtansu na unguwa ɗaya tayar da hankali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa mai tsanani zuwa rikicewar hankali. Da a ce duk waɗannan masu duka da sara ne, da babu mai iya shiga kasuwar Sabon Gari ya fito lafiya. Akasarinsu suna cikinmu shiru, suna koyarwa a aji, suna tuƙa mota, suna raino, wasu ma muna bin su sallah.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke wasa da kalmar. Da zarar an ce wani ya yanka matarsa, ko ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe, sai ka ga sharhi a Facebook ya cika da "wannan ai mahaukaci ne". Ɗan bindigar da ya tare hanya, ya zaɓi wanda zai ɗauka, ya kira 'yan'uwansa a waya yana cinikin kuɗin fansa, ya ƙirga kuɗin har ya ce ba su cika ba, wane hauka ne a tare da shi? Mugu ne mai cikakken hankali. A addininmu an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Saboda haka duk lokacin da muka kira azzalumi mahaukaci, mun ɗauke masa alƙalamin da Allah bai ɗauke masa ba, mun kuma kwashi laifinsa mun jibga wa marar lafiyar da bai san hawa ba bai san sauka ba.

In kuwa ana maganar zalunci ne, to a kansu ya fi sauka. Wanda ya taɓa ganin mace mai taɓin hankali tana yawo a bakin titi da tsohon ciki, ya tambayi kansa wa ya yi mata, domin dai ba iska ce ta ɗauko cikin ba. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa da ke Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a gadon baya, daga nan aka yi ta bankaɗo irin waɗannan gidaje a wasu garuruwan Arewa. Ba dukkansu ne masu ciwon ƙwaƙwalwa ba, wasu shaye-shaye ya kai su, wasu ƙiriniya, amma iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Kafin nan gidan mari ba ɓoyayyen abu ba ne a wurin kowa, mun sani muka yi shiru.

Ban tsaya a gefe nake wannan magana ba, domin abin ya shigo gidanmu. Ɗan ƙanwar mahaifiyata yana shekara ta biyu a makarantar gaba da sakandare lokacin da barci ya ƙaurace masa, ya fara cewa yana jin ana kiran sunansa alhali babu kowa. Aka ce sammu ne, aka ce iska ce, aka yi ta ruƙiya da hayaƙi da rubutu. Da na kawo maganar asibiti, sai Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, ka rufa mana asiri, an kawo kuɗin gaisuwar ƙanwarsa, in aka ji muna da mahaukaci a gida wa zai aure ta?" Haka aka kulle shi a ɗakin da ke can ƙuryar gida kusan shekara biyu, ana miƙa masa abinci ta taga, in baƙi suka tambaya a ce ya tafi karatu Kano. Ranar da ya ɓalle ƙofar ya ji wa yayansa ciwo da katako, kowa ya ce ga shi nan, dama an faɗa. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda zai fito in da shi aka kulle wata ashirin da wani abu a ɗaki ɗaya. Tsoron bakin mutane ne ya hana a kai shi wurin likita tun abin yana ƙarami, jinkirin kuma shi ya haifi tashin hankalin da mutanen suke tsoro. Ni ban raina addu'a ba, amma mai zazzaɓin cizon sauro ma muna yi masa addu'a muna kuma ba shi magani.

Hukuma ma tana da nata kason. Har zuwa farkon 2023 dokar da ƙasar nan take aiki da ita a kan masu taɓin hankali ita ce ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, kuma hankalinta ya fi karkata ga tsare mutum fiye da yi masa magani. Sai a farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitocin fannin a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga al'umma fiye da miliyan 200. Mu a Zariya ma mun ci sa'a, tun da akwai sashen masu wannan larura a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, wanda ba ya buƙatar doguwar tafiya. Abin takaicin shi ne mun mayar da sunan Barnawa abin zolaya, kamar yadda Kanawa suka yi wa Dawanau, har mai buƙatar zuwa yana jin kunyar a gan shi a ƙofar. Alhali tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna karɓar magani suna cuɗanya da jama'a, tsarin da ya yi suna har a ƙasashen waje.

Ɗan'uwan nawa bai cika wata biyu da fara shan magani ba barcinsa ya dawo. Yanzu shekararsa huɗu yana riƙe da ɗan shagon kayan masarufi a Tudun Wada, shi yake lissafinsa, shi yake bin bashinsa, kuma duk yaran layin a wurinsa suke sayen alewa. Auren ƙanwar da aka ɓoye shi dominsa bai yiwu ba, saboda masu binciken aure sun ji labari tun kafin a sa rana, suka janye ba tare da sun faɗi dalili ba. Har yau kuma, duk ranar da ya tafi ganin likitansa, in maƙwabta suka tarar da shagon a rufe suka tambaya, Inna takan ce musu ya je awon hawan jini.