Rijiya ba murfi, kalanzir a robar ruwa: hatsarin da ke bin 'ya'yan talaka

Da zarar damina ta kankama, sai a fara jin Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano tana sanar da tsamo yaro daga kududdufi ko rijiya. A yi ta'aziyya, a ce ƙarar kwana, wani kuma ya ɗora wa uwa laifin sakaci. Ajali ba ya wuce lokacinsa, babu musu, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma yana da kyau mu lura da inda ake tsamo yaran nan: kusan kullum a unguwannin marasa hali ne.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2008 ya nuna yara kusan 830,000 ke mutuwa duk shekara sanadin hatsarin hanya, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗowa, shan guba da makamantansu, kuma kashi 95 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu suke. Irin wannan giɓin ne ake gani tsakanin unguwa da unguwa a gari ɗaya.

Shawarwarin da ake yaɗawa a rediyo na masu gida ne mai kicin daban da kabad mai makulli. A ce wa mace kada ta bar yaro ya shiga kicin, alhali ɗaki ɗaya gare ta a gidan haya, a ƙofar ɗakin take hura gawayi a kurfoti, ga goyo a baya, ga mai rarrafe yana bin zanenta. Ruwa a bokiti da baho take tarawa domin babu famfo. Kalanzir na ɗan kuɗi kaɗan take saya, mai shago ya zuba mata a robar ruwa ko kwalbar lemo. Wannan matar ba wa'azin lura take buƙata ba, tana lura iya ƙarfinta. Wurin ne ya kamata a gyara, yadda ko ta juya baya na minti biyu ba za a yi asarar rai ba.

Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kansa na da nauyi in aka kwatanta da jikinsa. In ya leƙa bokiti ya rufta da ka, ba zai iya ɗagowa ba, ba kuma za a ji ihu ba, ruwan da bai kai tsayin tafin hannu ba ma ya isa ya kashe shi. Don haka a rufe duk abin tara ruwa da murfi mai kamawa, a zubar da ruwan wanki nan take, a kife bahon. Ita kuwa rijiya, a ɗaga bakinta da bulo ya kai ƙugun babba, a sa murfin ƙarfe mai kwaɗo, da ƙaramar ƙofa daidai shigar guga. Inda ake kuskure shi ne a yi murfi guda mai nauyi: mata su ɗaga da safe da ƙyar, a bar shi buɗe har dare. Na katako kuma laima na ruɓar da shi, ya zama tarko ga yaron da ya taka. A gidan haya rijiya ta kowa ce, shi ya sa babu mai gyara ta. Wannan haƙƙin mai gida ne, kuma aikin duba-gari da masu unguwa ne su tilasta shi. Haka ramukan da masu buga tubali da 'yan kwangilar hanya ke bari: a rubuta cike su cikin yarjejeniyar aiki, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an cike.

Bangladash ta gwada wata dabara da ta dace da mu. An gano yawancin ƙananan yara suna nutsewa ne kusa da gida, da hantsi, lokacin da iyaye mata ke tsakiyar aiki. Sai aka buɗe wuraren reno a ƙauyuka daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, mace ɗaya da mataimakiyarta suna kula da yara kamar 20. Nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da ke zuwa. Muna da zaurukan Islamiyya da ke zama fanko da safe, muna da dattijan mata da unguwa ta yarda da su. Alawus ɗinsu bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Sai taimakon farko, wanda nan ma talaka ne ya fi cutuwa domin asibiti na nesa da shi. Yaron da ya sha kalanzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Illar kalanzir a huhu take, amai kuma shi ke tura shi can. A cire rigar da ya jiƙa, a kai shi asibiti ko da ya warware, domin wahalar numfashi kan biyo baya bayan sa'o'i. Sodar haɗa sabulu ta fi muni, tana ƙona maƙogwaro ta bar tabon da zai hana haɗiya, ita ma ba a sa amai.

Ƙuna kuwa ruwa mai tsabta mai sanyi za a yi ta kwarara mata na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai, kada kuma a fasa ƙuraje ko a fizge tufar da ta manne. Inda babu famfo buta ta isa, a riƙa cika ta, sauran jikin yaron a lulluɓe kada sanyi ya kama shi. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ta asibiti ce. Wannan bayani na minti biyar ne, kuma ma'aikatan lafiya za su iya yin sa a ranar awo da ranar riga-kafi, inda matan nan ke taruwa dama.